Tsakanin Nafar da Nafsi

Ƙurban, Madina,
Laraba bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Haruna, wanda bakina ya saba kira Babana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar da na kasa yi maka kwanakin nan, alhali rufi ɗaya ya rufe mu. Allah ya ɗaga jirginka lafiya, ya sauke ka lafiya a ƙasar Jamus, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin hanya da sharrin masauki, ya tsare maka sallarka a garin da ba za ka riƙa jin kiran salla ba.

Da gangan na rubuta maka da Hausa. Da Larabci kayar da ni kake yi, kafin in kai ƙarshen magana ɗaya ka jero min uku. Hausar boko kuwa sai ka bi ta a hankali, kamar yadda kake bin saƙonnin 'yan ejan na Kano a waya, kuma a hankalin nake so ka ji ni.

Ka san abin da ya faru ranar Juma'a, amma bari in faɗe shi yadda ni na gan shi. Muna zaune a kan sufura, shimfiɗarmu ta cin abinci, mahaifiyarka ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka dominka. Kana ba mu labarin karatun da za ka yi na tsara sufuri, da yadda za ka gyara kamfani in ka dawo. Ka ce abin da za ka fara kashewa shi ne kiran suna da direbobinmu ke yi wa alhazai kafin su ja mota, ɓata lokaci ne, awarwaron roba a hannun kowa ya isa, na'ura ta karanta a wuce. Ni kuma na ce to, kafin ka fara karatun akwai wani wuri kusa da garin da za ka zauna, tsohon sansanin da aka tsare mutane aka hallaka su lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yanzu an mayar da shi gidan tarihi, ka je ka gan shi. Ka ajiye cokali ka ce, "Esh dakhalna, ya Abuya? Ina ruwanmu? Matattunsu ne. A fara tambayarsu abin da ake yi wa namu a Falasɗinu." Ban san lokacin da muryata ta kai gidan maƙwabta ba. Na rantse da Allah in ba ka taka wurin nan ba, ba za ka zauna a kujerar ofishina ba, ko ina raye ko ba na raye. Ƙanwarka Maimuna ta ce, "Abuya, kujerar nan da ƙafarta ɗaya ke rawa?" Ba wanda ya yi dariya. Ka tashi ka bar tuwonka, kuma tun ranar in na shigo falo sai ka tuna kana da aiki a ɗaki.

Kuskurena na baya-bayan nan ke nan, da shi zan fara. Na rantse kafin in yi bayani. Na ɗora maka umarni ban ba ka dalili ba, kamar kai sabon kwandasta ne. Mutumin da ya gina kansa da kansa yana da wannan ciwon, yana ganin tunda ba wanda ya yi masa bayanin duniya, shi ma ba wanda ke bin sa bashin bayani. In Allah ya ba ka iyali ko ma'aikata, ka sa dalili a gaba, umarni ya biyo baya. Rantsuwa kuwa ka bar ta can ƙasan akwati, magana zarar bunu ce.

Ga dalilin, in za ka saurara.

Ka taso ka tarar da motoci jere da sunanmu a jikinsu, ba ka ga mafarin ba. Da na dawo daga Kano, inda kakanka ya tura ni wurin ƙaninsa na yi 'yan shekarun sakandaren da na yi, ba ni da komai sai murya. A tasha na tsaya ina yi wa direbobi kiran fasinja: "Makka, nafar! Nafar wahid, Makka!" Nafar, ka sani, shi ne mutum ɗaya a bakin 'yan mota, kujera ɗaya da ake jira ta cika. Da nafar na sayi tsohuwar tasi, da nafar na sayi bas na farko, da nafar na auri mahaifiyarka na gina gidan nan. Ba na jin kunyar kalmar. Har ta zame mini ido. Ko masallaci na shiga, kafin in tayar da salla idona ya riga ya gaya mini nafar nawa sahu zai ɗauka.

Shekarar da ka shiga firamare na tafi Jamus sayen manyan motoci na hannu. Na ɗauki Usta Idrisa, makanikenmu ɗan Cadi, Allah ya ji ƙansa, don ya saurari injuna, ni kuma in yi ciniki da Turancina na Kano. Mai sayar da motocin wani dattijo ne Bajamushe, muna kiransa Mai Lofe saboda lofen taba da ba ya barin bakinsa ko babu wuta a ciki. Ranar Asabar muka daidaita. Lahadi ba a aiki a can, ko ƙusa ba a bugawa. Sai dattijon ya ce gobe zai zo ya ɗauke mu ya kai mu wani wuri. Ya yi dogon bayani. Na tsinci kalmar yaƙi, na tsinci kalmar tarihi, sauran suka wuce ni kamar mota a kan titin Hijira. Na gyaɗa kai.

Idrisa ya ce, "Alhaji, me ya ce?"

Na ce, "Ziyara zai kai mu."

Ya ce, "Ka tabbata? Don wannan Turancin naka, na ga shi ma Baturen tafinta yake nema."

Na ce masa ya kula da injuna ya bar mini Turawa.

Ka san mu mutanen Madina. In ka yi baƙo, ka kai shi Ƙuba, ka kai shi Uhudu, ka biya da shi kasuwar dabino, ka nuna masa abin da garinku ke alfahari da shi. Haka na ɗauka. Na ce ko fadar wani tsohon sarkinsu ce, ko wurin da suka jera tankokin yaƙi. Da safe na sa sabon tob, farar jallabiyarmu, a ƙarƙashin kwat, na shafa turaren udu har Idrisa ya ce zan tayar da ƙararrawar gobara ta otal, na kuma ɗauko kwalin dabinon ajwa, na ƙarshe da ya rage mini, domin in ba mai kula da wurin. Ɗan Madina ba ya zuwa ziyara hannu biyu.

A ƙofar shiga wata mata ta miƙo mini 'yar na'urar da ake sawa a kunne tana bayani, ta tambaye ni wane harshe. Na ce Turanci. Ban ma tambaya ko akwai Larabci ba, don kada Idrisa ya samu abin faɗa. To ka ga kuskure na biyu, kuma shi ne ya haifi sauran. "Ban gane ba" kalma ce mai arha, amma ni a lokacin da in faɗe ta gara in rasa bas guda. Za ka shiga ƙasar da kowa ya fi ka sanin harshenta, Babana, duk da kwas ɗin da ka yi. In ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba, ko sau nawa ne, ko a gaban wa. Kunyar minti ɗaya ce. Tawa kunyar ga ta har yau ina ɗauke da ita.

Muka bi ta wata ƙofar ƙarfe mai rubutu a jikinta, muka faɗa wani fili mai faɗi, shimfiɗe da tsakuwa, ba bishiya ba inuwa. Waya mai ƙaya ta zagaye shi, ga dogayen hasumiyoyin masu gadi. Akwai 'yan makaranta da yawa, samari da 'yan mata, amma ba ka jin komai sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin takalma. Ni da na yi shekaru ina kai mutane Uhudu na san hayaniyar masu ziyara, wannan na ɗaukar hoto, wancan na neman matarsa. Shirun nan ya fara gaya mini ba fada aka kawo ni ba. Amma ban yarda na nuna ba, ina tafe ina ƙamshi da kwalina a hammata.

Aka shiga da mu wani dogon ɗaki na katako. Gadaje ne hawa uku, ba katifa, kamar kantocin sito. Ina shiga idona ya yi aikinsa. Wallahi ban sa shi ba, shi ya yi da kansa. Na juya na ce, "Idrisa, ɗakin nan in aka iya tsari zai ci nafar kaza," na faɗi adadin da ya zo mini. Mai Lofe ya tambayi me na ce. Na fassara masa, har da ɗan alfaharina na gwanin lissafin kujera. Ya cire lofen daga bakinsa. Ya nuna mini da hannu in ninka. Na ninka. Ya sake nunawa in ƙara. Sannan ya kwanta da kafaɗa a iska, ya nuna mini yadda mutane ke kwana a gefe ɗaya, a manne, ba mai iya juyawa sai duka sun juya.

Idrisa bai yi mini tsiya ba. Da ma ya yi.

Daga nan na daina kunna na'urar kunnen, na koma kallon hotuna, don hoto ba ya bukatar Turanci. Na gane filin da muka ratso wurin ƙirga ne. Safe da yamma ake fito da su a jera su, cikin sanyin da ni da kwat a jikina nake karkarwa, ana ƙirgawa. In lissafi bai cika ba, ba mai motsi sai ya cika, ko da wanda ake nema ya mutu ne a kan gadonsa. An aske musu kai, an ba su kaya iri ɗaya, an ɗinka wa kowa lamba a ƙirji. Yahudawa ne, da mutanen ƙasashe daban-daban, da duk wanda hukumar lokacin ta ga ya yi mata yawa a duniya. Na ga wani dattijo mai kunnuwa irin na limamin unguwarmu. Na ga yaron da bai fi ka ba a lokacin.

Amma hoton da ya tsayar da ni na taragun jirgin ƙasa ne. Taragun kaya, ba taga, a tsaye a kan layi. Kowa da abin da yake gani a wuri irin wannan. Likita zai ga yunwa, malami zai ga zalunci. Ni ɗan mota ne, abin da na gani shi ne aiki. Mutane masu yawa haka ba sa tashi daga gari su isa wani gari da kansu. Sai wani ya zauna a ofis ya ce tarago nawa ake bukata, wane layi ne babu cunkoso, wane lokaci za a tashi, ina za a tsaya a sha wa injin ruwa. Sai wani ya iya aikinsa sosai. Na san irin mutumin nan, Babana. Na san yadda yake jin daɗi in lissafi ya fita daidai. Mai yiwuwa bai taɓa marin kowa ba, mai yiwuwa da yamma yana saya wa 'ya'yansa alewa. An ce masa nafar kaza daga nan zuwa can, ya kai su a kan lokaci.

Kada ka ce ubanka ya haɗa kansa da su. Allah ya kiyaye. Mu muna ƙirga ne don kada mu bar kowa a baya, kuma ɗakin Allah muke kai mutane. Amma ƙwarewar iri ɗaya ce, hannun iri ɗaya ne, kuma ita ce za ka je ka karanto a wurin waɗanda suka fi kowa iya ta. Shi ya sa da ka ce na'ura ta karanta a wuce, na yi ihu maimakon magana.

A can ƙarshen sansanin, bayan wasu bishiyoyi, akwai ginin da suke ƙona gawarwaki. Ba zan ba ka labarin cikinsa ba. A bayansa akwai wani ɗan fili mai ciyawa inda aka zuba tokar mutane, ba kabari, ba alama, ba gabas ba yamma. Nan bakina ya buɗe da kansa zai yi sallamar da muke yi wa mutanen maƙabartar Baƙi'a da shahidan Uhudu, wadda na koya wa dubban alhazai ta lasifikar mota. Sai na tsaya. Na ce waɗannan ba Musulmi ba ne, ko kuma ban san su wane ne ba, to me ake cewa? Ni da ziyara ce sana'ata, na rasa abin faɗa. Mai Lofe ya cire hularsa. Idrisa ya harɗe hannu a ƙirji kamar mai salla. Ni kuwa ina tsaye da kwalin dabino, ƙamshin udu na tashi daga jikina, ji nake da ƙasa za ta buɗe da na shige.

Muka koma mota. Na yage kwalin na miƙa musu, don ban san abin da zan yi da shi ba. Muka zauna muna cin ajwa, kowa na tara ƙwallo a tafin hannunsa. Can na haɗa Turancina na ce wa dattijon, a garinmu baƙo wurin alfahari ake kai shi, kai me ya sa ka kawo ni wurin da ya fi ko'ina muni a ƙasarku? Sai ya fara magana. Ya yi ta magana, rabi Turanci rabi Jamusanci, idonsa ya kawo ruwa. Kalmomi biyu kaɗai na kama, uba da jirgin ƙasa. Har yau ban sani ba, ko ubansa a cikin taragon aka kawo shi, ko shi ne yake jan jirgin. Mutum ya buɗe mini abin da wataƙila bai taɓa buɗe wa baƙo ba, ni kuma da ya gama na gyaɗa kai na ce masa da kyau, da kyau. Ya kalle ni, ya mayar da lofensa, ya tayar da mota. Da na sake neman wurinsa bayan wasu shekaru aka ce ya rasu, filin motocin ma an sayar.

In wani ya fara ba ka labarin ubansa, Babana, ka ajiye duk abin da ke hannunka.

Da na dawo gida mahaifiyarka kaɗai na ba wannan labarin. Tana ninke kayan da na dawo da su tana ji. Da na kai wurin sallamar da ta maƙale mini, sai ta ce, "Kai da kake kai mutane ziyara tun ban san ka ba, ba ka san abin da aka yi a garin da kake ci da shi ba?" Ta tuna mini cewa a nan Madina aka wuce da gawa ta gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye. Aka gaya masa ai Bayahude ne, ya nuna musu cewa ai shi ma rai ne. Ta ce, "Kalmar da ya yi amfani da ita nafsi ce. Kai kuma nafar ka iya. Harafi ɗaya ne ya raba su a rubutun Larabci, Alhaji, ka yi ta tuƙi shekara da shekaru ba ka ƙetara shi ba." Na ce mata yanzu kuma wa'azi za a yi mini a ɗakina? Ta ce, "Kyauta ne, ba na karɓar kuɗin kujera." Sannan ta ce ai tsayuwar da na yi ita ce abin yi, ba sai na ce komai ba, sai dai da ma na yi ta da niyya.

Zan so in ce maka daga ranar na canza. Ban canza ba. Lokacin Umara ya zo, aiki ya taso, na koma nafar ɗina. Sai da aka yi na Bi'ir Ali.

Kana yaro, ba za ka tuna ba. Motarmu ta tsaya a can, miƙatin mutanen Madina, alhazai suka yi harama, ranar kuma ni da kaina nake rakiya don direban sabo ne. Ka san wurin, motoci kamar an zuba, kowa cikin farin zane, kowa ya yi kama da kowa. Na hau na ƙirga, lissafi ya cika cif. Na ce yalla, mu tafi. Mun yi nisa a hanya sai wani dattijo a kujerar baya ya fara tambaya da wani harshen da ba namu ba. Ashe motarsa ce ta ɓace masa ya shigo tamu, ya cike gurbin wata tsohuwa 'yar Damagaram da ta tsaya alwala. Lissafina daidai ne, mutum ne ba daidai ba. Muka juyo. Na same ta zaune a gindin bangon masallaci cikin rana, takalmanta a cinya, ba kuka ba ihu. Tana ganina ta ce, "Ai na san za ku dawo, ɗana. Na ce ba za su tafi ba, suna da sunana." Na durƙusa ina ba ta haƙuri, ina so in kira ta da sunan nata, ban san shi ba. Sai Hajiya, Hajiya nake ta yi.

Kakanka da ka ci sunansa ya zo garin nan da ƙafa, ya yi shekaru yana ɗebo wa gidaje ruwa, kuma da yawa daga waɗanda suka sha ruwansa har ya mutu "ya Takaruni" suke kiransa, wato kai mutumin ƙasashenmu na Afirka, ba su taɓa tambayar ko yana da suna ba. Ni ɗansa ne, ga shi na yi wa tsohuwar mutane irinta. Tun daga ranar motarmu ba ta motsi sai an kira kowa da sunansa ya amsa da bakinsa. Na san yana cin lokaci. Na san direbobi na ƙunƙuni, sunayen mutanen Indonesiya na karya musu harshe. Ka kawo awarwaronka, ka kawo na'urarka, ba na gaba da su, wataƙila da suna nan da ba a bar tsohuwar ba. Amma na'ura ta gama karantawa, sannan mutum ya kira mutum. Ka yi tunani a kan wannan kafin ka kashe shi.

Saura maganar Falasɗinu. Ba ka yi ƙarya ba, kuma ba ka fi ni jin ciwon ba. Ka sha ganina ina kashe talabijin don na kasa kallo. Amma yaron da na gani a hoton nan an kashe shi tun ba a haifi masu yin abin da ake yi yau ba, bai ɗauki bindiga a kan kowa ba, ba a kuma tambaye shi ra'ayinsa ba. Tausayi ba buhun shinkafa ba ne da in ka ɗebar wa wani, rabon naka zai ragu. Ni dai abin da na gani a kaina, tun da na tsaya a filin nan, in aka ce a labarai an kashe mutum kaza a wuri kaza, kunnena ba ya iya tsayawa a kan kazan. Wurin bai rage mini kukan namu ba, ƙara mini ya yi. Kuma wanda ya koyi cewa "matattunsu ne", ya koyi rabin darasin mutumin ofis ɗin nan mai lissafin tarago. Ba na so ɗana ya iya ko rabin.

In ka je, ka ci abinci kafin ka fita, don bayan ka fito ba za ka iya ba. Ka sa safa mai kauri, tsakuwar nan sanyi take tsotsa. Kada ka shafa turare. Ka kashe waya, kada ka ɗauki hoton fuskarka a wurin. Kada ka tafi da abokin musu. Inda ka ga an rubuta sunaye ka tsaya ka karanta ko kaɗan ne, da leɓɓanka, ko da harshenka zai karye. In ka isa bayan bishiyoyin ka tsaya tsaye, da niyya.

Na ce in ka je, domin yanzu ganin damarka ne. Jiya na je wurin malam na gaya masa na yi rantsuwa a kan ɗana cikin fushi, kuma na ga abin da ya fi ta alheri. Ya ce in karya ta in yi kaffara. Yau da hantsi na kai abincin da hannuna na raba wa mabukata, ban aiki kowa ba. Rantsuwar ta sauka. Kamfani naka ne, kujera taka ce, ko ka taka wurin nan ko ba ka taka ba. Ban tara abin da na tara don in riƙa ja maka rai da shi ba, kuma ba na so ka shiga wuri irin wannan don kujera. Wanda ya shiga don kujera ba abin da zai gani.

Abin da ya rage roƙo ne, kuma ka san ubanka bai iya roƙo ba, ka karɓe shi a yadda ya zo. Bangon wurin nan cike yake da rubutu, na bi ta gabansa kamar makaho. Rubutun ƙofar ƙarfen ma ban san me ya ce ba, na kuma ƙi tambayar kowa duk shekarun nan. Kai ka iya harshensu. Ƙafata da ciwon sukarin nan ba za ta sake kai ni can ba. In wata rana zuciyarka ta ba ka, ka shiga ka karanta, sannan ka kira ni ka gaya mini abin da na tsaya a gabansa. Da Larabci ma na yarda. In ban gane ba zan ce ban gane ba.

Allah ya yi maka albarka, ya sa ka fi ni ilimi ka kuma fi ni sauƙin kai. Ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka abin da ka je nema, ya dawo mana da kai muna raye ko ya sada mu a inda ya fi nan. Na ba ka amana ga Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Maimuna za ta miƙa maka wannan kafin magariba. Na sallami direba, gobe ni zan ja motar zuwa filin jirgi. In ka ga na yi shiru a hanya, ba fushi ba ne.

Mahaifinka.